Uwa da goyo duk a cikin bashi suke: yadda ake ninka lambobin ɗigo masu alamar ragi

Ranar wata Asabar ɗan yayata ya same ni a rumfar uwarsa a kasuwar Kejetia da ke Kumasi a Gana, littafin lissafi a hammata, fuska a murtuke kamar wanda aka kai wa sammaci. Aikin gida ne ya tsaya masa a maƙogwaro: −2.5 × 4.5, kuma an ce a ba da amsa a gaurayayyiyar lamba, wato cikakkiyar lamba da gutsure a gefenta. Na duba shafin, ya rubuta 112.5 ya soke, ya rubuta 1.125 ya soke, takardar har ta kusa hujewa.

Ya ce, "Kawu, ɗigon nan ne ya ƙi zama wuri ɗaya."

Uwarsa tana gefe tana auna wa wata mata yadi. Na ce, "Yaya, ragowar leshin nan da kika ce kina faɗuwar sidi biyu da rabi a kowane yadi, in wani ya kwashi yadi huɗu da rabi, nawa kika faɗi?" Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Huɗu, goma ke nan. Rabin kuma ɗaya da kwata. Sha ɗaya da kwata. Kai dai Malam ba ka da aiki sai tuna wa mutum asara da sanyin safiya."

Amsar ke nan, −11¼. Matar da ba ta wuce aji huɗu na firamare ba ta faɗe ta kafin almakashinta ya gama yanka, kuma ba ta bar komai a baya ba. Ta faɗi yawan kuɗin, ta faɗi gutsuren, ta kuma san asara ce. Na yi shekaru ina koyar da lissafi a JHS, wato ƙaramar sakandare, yanzu da na ajiye alli yaran layinmu a Aboabo ne ke taruwa a barandata bayan Isha'i, musamman masu shirin BECE, jarrabawar gama ƙaramar sakandare. Abin da nake koya musu a wannan babi bai wuce abin da Yaya ta yi da ka ba, sai dai mu a takarda muke yi, don ba kullum lambobi ke zuwa da sauƙin biyu da rabi ba.

Bari mu daidaita sunaye tukuna, tunda littattafan yaranmu da Turanci suke, kowane malami kuma da yadda yake juya su. Lamba irin 2.5 ko 0.15 ina kiranta lambar ɗigo. Wadda ke da ɗan layi a gabanta, wanda yara ke ce wa mainas, ina kiranta lambar bashi. A Kumasi ba mu da sanyin da ke sauka ƙasa da sifiri sai a firizar masu kifi da kaji, amma bashi hanji ne, yana cikin kowa, duk yaro ya san littafin bashin mai kanti. Kada a ce Malam ya ƙago nasa: Brahmagupta, masanin lissafi na ƙasar Indiya, da kalmomin dukiya da bashi ya rubuta dokokin waɗannan lambobi tun shekarar 628. Irin su 1/4 da 3/8 kuwa gutsure ne, akwai lambar sama akwai lambar ƙasa, muna karantawa ɗaya bisa huɗu, uku bisa takwas. Ita gaurayayyiyar lamba sunanta ya yi wa bakin yara nauyi, sai na mayar da ita lamba mai goyo. A 11¼, sha ɗaya ce uwa, kwatar ce goyon.

Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Abin da ya rikita ɗan yayata shi ne yana so ya tauna alama da lambobi da ɗigo a loma ɗaya. Raba su, ka yi kowanne a lokacinsa.

Fara da alama, ka gama da ita tun kafin ka soma ninkawa. Ƙirga alamomin ragi da ke jikin lambobin da za ka ninka, ka haɗa su bibbiyu. Duk biyun da suka haɗu sun kashe juna. In an bar guda ɗaya ba abokin tafiya, amsarka bashi ce. In ba a bar ko ɗaya ba, babu bashi. A −2.5 × 4.5 alama ɗaya ce tal, don haka je wurin da za ka rubuta amsa ka ajiye ɗan layinka a can, ya zauna yana jiranka. Ina nacewa a kan wannan saboda na duba takardun jarrabawa ba adadi inda yaro ya yi aiki tsaf daga sama har ƙasa, ya zo ƙarshe ya manta alamar, maki ya tafi a banza.

Sannan ka kawar da ido daga ɗigon, ka ninka kamar babu shi: 25 × 45. Ashirin da biyar sau arba'in dubu ne cif, sau biyar kuma ɗari da ashirin da biyar, duka 1125. Kada ka tsaya jera ɗigo ƙarƙashin ɗigo, wannan al'adar tarawa da ɗebewa ce, a ninkawa ba ta da amfani. Mu 'yan Gana ma bai kamata cire ɗigo ya zame mana baƙon abu ba. Tun watan Yulin 2007 aka mayar da tsohon sidi 10,000 ya zama sabon sidi ɗaya, amma har gobe akwai tsofaffi a Asawase da in ka ce musu biyu da hamsin sai su ce dubu ashirin da biyar. Sun tura ɗigon gefe ne, su yi lissafinsu da cikakkun lambobi, in sun gama su dawo da shi.

Dawo da shi ɗin shi ne aiki na uku. Ƙirga lambobin da ke bayan ɗigo a cikin tambayar gaba ɗaya. A 2.5 guda ɗaya ce, a 4.5 guda ɗaya, biyu ke nan. Koma kan 1125, ka fara daga hannun dama, ka ƙirgo gida biyu zuwa hagu, ka dasa ɗigo: 11.25. Ga alamarka can tana jira, −11.25.

Wata yarinya mai yawan tambaya, irin waɗanda nake so a aji, ta taɓa ce mini, "Malam, wa ya ce a ƙirga?" Na ce, 'yata, ba wanda ya ce, lissafin ne da kansa. 2.5 ai 25 bisa 10 ne, 4.5 kuma 45 bisa 10. Da muka cire ɗigon farko mun kumbura lambar sau goma, da muka cire na biyu mun sake kumburawa sau goma. Goma sau goma ɗari. Ke nan 1125 ta fi amsar gaskiya sau ɗari, dole a raba ta da ɗari, raba lamba da ɗari kuwa shi ne matsar da ɗigo gida biyu.

Akwai abu ɗaya da, da ni ke tsara littafin, zan sa shi gaban duk waɗannan, wato kintace. Kafin ka ninka komai, dubi lambobin da idon ɗan kasuwa. Biyu da rabi tana tsakanin biyu da uku, huɗu da rabi tana tsakanin huɗu da biyar. Biyu sau huɗu takwas, uku sau biyar sha biyar. Girman amsar ba zai gaza takwas ba, ba zai wuce sha biyar ba. Da ɗan yayata ya yi wannan, da 112.5 da 1.125 ba su ko hau takardarsa ba. Yaron da ya iya kintace, ko ya ruɗe wajen ƙirga gidaje, hankalinsa zai nuna masa inda ɗigon yake.

To, yanzu sai ɗora goyo. Abin da ke hagun ɗigo shi ne uwa, ba a taɓa shi: 11. Abin da ke dama, 25, shi zai hau sama a gutsure. A ƙasa ka rubuta 1, ka bi shi da sifiri gwargwadon yawan lambobin da ke bayan ɗigo. Lamba ɗaya, bisa 10. Biyu, bisa 100. Uku, bisa 1000. A nan 25/100 ke nan, pesuwa ashirin da biyar cikin ɗarin da ke sidi guda. Sai a rage gutsuren har ya kai inda ba ya raguwa. Raba sama da ƙasa da biyar, 5/20. Sake rabawa da biyar, 1/4. Amsa −11¼.

A wajen ragewar nan yara ke ɓata lokaci, kuma akwai sirrin da ba kowane littafi ke faɗa ba. Goma biyu sau biyar ce. Ɗari da dubu da duk danginsu ba abin da ke cikinsu sai biyu-biyu da biyar-biyar. Saboda haka lambobi biyu kaɗai za ka gwada, 2 da 5. In lambar sama ta ƙare da 2, 4, 6, 8 ko 0, gwada biyu. In ta ƙare da 5 ko 0, gwada biyar. Ka yi ta yi muddin ta ƙasa ita ma tana rabuwa. In ta sama ta ƙare da 1, 3, 7 ko 9, ɗauke hannunka, an gama. Na ga yaro ya yi minti uku a kan 63/100, yana gwada uku, yana gwada bakwai, yana gwada tara, don duk suna shiga 63. Suna shiga, amma ba ɗayansu da ke shiga ɗari.

Mu gwada wadda ta fi tsawo, −2.25 × 1.5. Alama ɗaya, bashi. Kintace: biyu da 'yan kai sau ɗaya da rabi, uku da wani abu. 225 × 15 = 3375. Bayan ɗigo akwai biyu a ta farko, ɗaya a ta biyu, gida uku: −3.375. Uwa 3, goyo 375/1000. Biyar ta shiga, 75/200. Ta sake shiga, 15/40. Ta sake, 3/8. Amsa −3⅜.

Wannan 3/8 ɗin ya kamata yaro ya gane shi da ido, ba sai ya yi rabawa uku ba. Akwai 'yan gutsattsarin da nake sa a haddace kamar karatun allo: 0.5 rabi, 0.25 kwata, 0.75 uku bisa huɗu, 0.2 ɗaya bisa biyar, 0.125 ɗaya bisa takwas, daga nan 0.375, 0.625 da 0.875 su ne uku, biyar da bakwai bisa takwas. Iyayenmu ba su sha wahalar gutsure ba, don kafin sidi ya zo a 1965 da fam da sule ake ciniki, sule kwabo sha biyu, sisi rabinsa, taro kwatarsa. Yaran da suka yi nisa a makarantar Islamiyya su ma sun san sunayen daga babin rabon gado: nusufi, rubu'i, sumuni, sulusi, sudusi, wato rabi, kwata, ɗaya bisa takwas, ɗaya bisa uku da ɗaya bisa shida. Nakan ce musu su lura da wani abu. Nusufi da rubu'i da sumuni suna fitowa a wannan aiki kullum. Sulusi da sudusi kuwa ba za su taɓa fitowa ba, domin ɗaya bisa uku a ɗigo 0.333 ne da ba ya ƙarewa, alhali lambobin ɗigo masu iyaka in an ninka su amsar ma mai iyaka ce. In ka ga goyonka ya fito bisa 3, ko bisa 6, 7 ko 9, koma baya, ka yi tuntuɓe a wani wuri. Wani uba da ya rako ɗansa ya taɓa cewa duk wannan ɗigo-ɗigon kayan Nasara ne. Na gaya masa Jamshid al-Kashi ya yi cikakken bayanin gutsuren goma-goma a Samarkand tun 1427, ya yi dariya ya ce to a ci gaba.

Sifiri shi ne ɓarawon ɗigo. Ta hanya uku yake shigowa, kuma duka ukun na gan su a barandata.

Dubi −1.2 × −3.5. Alama biyu, sun kashe juna, babu bashi. 12 × 35 = 420. Yaro ya ji an ce sifirin ƙarshe a lambar ɗigo ba shi da amfani, sai ya yi sauri ya goge shi, ya rage 42, ya ƙirgo gida biyu, ya rubuta 0.42. Ya yi gaggawa. Sifirin nan yana da gida, a ƙirga da shi: 4.20. Sai bayan ɗigo ya zauna ake sallamarsa, 4.2, wato 4 da 2/10, wato 4⅕. Kintace ma zai faɗa maka, ɗaya da ɗan ƙari sau uku da rabi ba zai kasa uku da rabi ba.

Ta biyu, −2.7 × 1.5. 27 × 15 = 405, gida biyu, −4.05. Rabin ajin za su rubuta −4½, sun ga biyar sun ce rabi. A nan ba na dogon bayani. Nakan ce, wanda ake bin sa sidi huɗu da pesuwa biyar da wanda ake bin sa sidi huɗu da pesuwa hamsin, bashinsu ɗaya? Sai a yi tsit. Lambobi biyu ne a bayan ɗigo, har da sifirin, don haka 5/100 ne, ya ragu zuwa 1/20. Amsa −4 1/20.

Ta uku ita ce inda gidajen suka fi lambobin yawa, kamar −0.4 × 0.15. 4 × 15 = 60, amma gida uku ake nema, lambobi biyu kaɗai gare mu. Sai a cike da sifiri ta hagu: −0.060, wato −0.06, wato −6/100, wato −3/50. Ga goyo ba uwa, kuma daidai ne. Ba kowace amsa ke zama lamba mai goyo ba, kada ka rubuta sifiri a gaba don dole sai an ga uwa. Yara kan tsorata da suka ga amsar ta fi lambobin tambayar ƙanƙanta, don sun saba ninkawa tana ƙara yawa. Ninkawa da abin da bai kai ɗaya ba ɗibar wani kaso ne: rabin kwata ai bai kai kwata ba.

Na wuce batun alama biyu da ke kashe juna da sauri ɗazu, bari in dawo masa, don shi ne wanda manya ma ke haɗiyewa ba tare da sun gamsu ba. A bayan ɗakin girkinmu akwai tankin ruwa da ya taɓa yin yoyo, mu ce bokiti ɗaya da rabi a kowace awa. Canjin da ruwan ke yi a awa ɗaya ke nan, −1.5. Awannin da ke tafe mu ƙirga su ba alama, waɗanda suka wuce mu sa musu ragi. Nan da awa biyu da rabi, −1.5 × 2.5 = −3.75, ruwan zai gaza na yanzu da bokiti uku da uku bisa huɗu. To awa biyu da rabi da suka wuce fa? Wannan shi ne −1.5 × −2.5. Ruwan da ke tankin a lokacin ya fi na yanzu, tunda bai riga ya zube ba, kuma ya fi shi da bokiti 3¾. Ragi sau ragi ya ba da ƙari, ba wani siddabaru a ciki. Mai kanti ma ya san haka. In an rubuta maka bashin sidi biyar sau uku a littafi, kana −15. In ya yafe, ya soke layukan nan uku, an cire bashin biyar sau uku, matsayinka ya ɗagu da sha biyar ko da ba a miƙa maka ko pesuwa ba.

Amma a yi hattara da waƙar "ragi biyu ƙari ne" da yara ke rerawa. A ninkawa da rabawa take aiki, ba a tarawa ba. Wanda ake bin sa biyu da rabi ya sake cin bashin ɗaya da rabi, −2.5 + −1.5, bai zama mai kuɗi ba, ana bin sa huɗu.

In lambobin sun kai uku ba abin da ya sauya. A −1.5 × −0.8 × −2.6, biyu sun kashe juna, an bar ɗaya, bashi. 15 × 8 = 120, sau 26 kuma 3120. Gida uku, −3.120, wato −3.12. Goyo 12/100, biyu ta shiga sau biyu, 6/50, sannan 3/25. Amsa −3 3/25.

Yanzu ga abin da ya sa na sa wa rubutun nan sunan da na sa masa. Alamar da ke gaban lamba mai goyo ta uwa da goyon ce baki ɗaya. In ka ga −3¾, ana bin ka uku, ana kuma bin ka uku bisa huɗu a kai. A layin lambobi tana tsakanin −3 da −4, ta fi kusa da −4. Yara da yawa a ransu uwar ce kaɗai ke da bashi, goyon kuma riba ne, kamar an ce −3 a ƙara ¾, wanda zai ba da −2¼. Kuskuren ba ya fitowa fili sai an ce su mayar da lambar gutsure zalla. Sai ka ga −3 sau 4, −12, a ƙara 3, −9/4. Ba haka ba ne. Rufe alamar da yatsa, yi uku sau huɗu sha biyu, da uku sha biyar, 15/4, sannan ka ɗage yatsan: −15/4. Gwada da kuɗi ka gani, sha biyar a raba huɗu sidi uku ne da pesuwa saba'in da biyar, tara a raba huɗu kuwa biyu da ashirin da biyar ne. Haka nan kada a rubuta alamar sau biyu, ɗaya gaban uwa ɗaya gaban goyo, kada kuma a cusa ta tsakaninsu. Sau ɗaya, a gaba. Masu shiga aljabara su kuma kula: a can in an jera abu biyu ba alama a tsakani ninkawa ake nufi, amma 3¾ uku da uku bisa huɗu ne, tarawa ce a ɓoye.

Akwai hanya ta biyu, kuma ni a raina na fi son ta in lambobin irin na kasuwa ne, rabi da kwata da danginsu. Mayar da kowace lamba gutsure tun farko. Ɗauki −2.25 × 1.5 da muka yi ɗazu. Biyu da kwata 9/4 ne, ɗaya da rabi 3/2. Sama sau sama 27, ƙasa sau ƙasa 8, −27/8. Takwas nawa ne a cikin 27? Uku, saura uku. Ukun farko uwa, sauran ya hau kan takwas: −3⅜. Amsa ɗaya da ta ɗazu, ba 3375, ba rabawa da biyar har sau uku. Wani lokaci ma abin daɗi ne. −6.25 × −0.8 ya zama 25/4 × 4/5, huɗu ta kashe huɗu, biyar ta shiga ashirin da biyar, amsa 5 cif, uwa ba goyo. Amma in aka ba ka −7.8 × 3.25, ni dai ta ɗigo zan bi: kintace takwas sau uku, wajen 24 ko sama kaɗan, 78 × 325 = 25350, gida uku, −25.35, goyo 35/100 ya ragu zuwa 7/20, amsa −25 7/20. A jarrabawa in lokaci ya rage, yi da hanya ɗaya ka duba da ɗayar. In sun yi karo, akwai wadda ta yi ƙarya.

Kalkuleta kuwa ba na hana ta a gida, bayan an gama da hannu. A barandata dai wayoyi a cikin kwando suke kwana har a tashi. Na'urar za ta ba ka −25.35, amma in yatsanka ya tsallake ɗigo za ta ba ka −253.5 da fuska ɗaya, ba za ta ce maka komai ba.

Ga huɗun da na rubuta a allo daren Laraba, ga mai son gwadawa:

−3.2 × 1.25
−1.75 × −2.6
0.35 × −12.5
−2.5 × −2.5 × −0.9

Ta farko 32 × 125 = 4000 ne, gida uku, −4 ba goyo, kuma a nan ne masu saurin goge sifiri suka zube. Ta biyu 4550, gida uku, 4.55, wato 4 11/20, babu bashi. Ta uku 4375, −4.375, wato −4⅜. Ta huɗu 5625, alama uku, −5⅝.

Ɗan yayata ya ci uku. A ta huɗu ya samo 5⅝ daidai, ya bar alamar a hanya. Na ce, ina ɗan layin da na ce a fara ajiyewa? Ya sosa ƙeya ya ce, "Kawu, na ajiye shi a kaina." Na ce ya ɗauko shi daga can ya sa a takarda, gobe kuma bayan makaranta ya wuce Kejetia ya riƙe wa uwarsa littafin bashi na mako guda.